Minti Ukun da Kunnen Zinariya Ya Yi Shiru

Shekararsa hamsin da biyu, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu haɗa sauti ta unguwarmu. Mambobin ƙungiyar uku ne: shi, da mai gyaran rediyo, da mai ba da hayar lasifika. An yi zaɓe sau huɗu, sau huɗu yana lashewa, domin sauran biyun ba su taɓa samun sararin buɗe baki su ce suna so ba.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Kunnen Zinariya yake ce masa, kuma in za a faɗi gaskiya mu ne muka raɗa masa. Shekara goma sha biyar da suka wuce, lasifikar wani taro ta ɗauki ƙugi, jama'a suka toshe kunnuwa. Sai ya taso daga cikin mutane, ya nufi wajen kayan sauti da taƙama, kafin ya isa ƙugin ya ɗauke ɗif. Daga baya mai hayar lasifika ya bayyana cewa tuntuɓe gogan namu ya yi da igiyar wani firji da aka jona wuri ɗaya da kayan, igiyar ta fita. Amma kafin wannan bayani ya iso, mun riga mun gama tafi. Mutum ba ya son janye tafinsa. Saboda haka muka ci gaba da kiransa da sunan, shi kuma ya ci gaba da amsawa, har ya sa aka rubuta a allon ƙofarsa da ruwan fenti mai sheƙi.

Situdiyonsa shago ne guda, tsakanin mai aski da mai sayar da taya. Ya raba shi biyu da falanki. Ɓangaren ciki, inda mai magana ke zama gaban makirufo, ya lulluɓe shi da soson katifa da kwalin ƙwai, ya sa masa taga ta gilashi. Ƙofar wannan ɗakin da hannunsa ya yi ta, bayan ya kori kafinta saboda kafintan bai san ilimin sauti ba. Ƙofar ba ta kai ƙasa. Yatsu biyu na shiga ta ƙarƙashinta ba tare da sun matsu ba. Duk wanda ya nuna masa gurbin, sai ya ce wurin numfashin sauti ne.

A ɓangaren waje akwai tebur, da kwamfutar tafi-da-gidanka, da wani ɗan akwatin sauti mai girman bulo. Ta wannan akwatin ne muryar da makirufo ya ɗauka ke shiga kwamfuta, ta cikinsa kuma take fitowa zuwa lasifika da hedifon. A bango akwai takardar shaidar kwas na mako biyu, wanda ya halarci kwana tara daga ciki. Kusa da ita akwai Dokokin Sauti Bakwai, waɗanda shi ya tsara su. Doka ta farko ta ce: Na'ura ba ta ji, injiniya ke ji.

Hedifon ɗinsa kullum a wuya yake, kamar abin auna bugun zuciya na likita. Ba ya sa shi a kunne. Ya ce kunne irin nasa ba a toshe shi.

Wajen gyaran matsalar manhaja kuwa, babu kamarsa. Matakai uku gare shi. Na farko, a kashe a kunna. Na biyu, a ɗora wa igiya laifi. Na uku, a yi wa mai aiki bayani har ya gaji ya ce a bar shi haka nan. Ba a taɓa samun matsalar da ta tsallake mataki na uku ba. Mawaƙin da muryarsa ta fito tana tsagewa ya tafi gida da sanin cewa maƙogwaronsa ne ya fi ƙarfin zamani. Mai tallan sabulun da muryarta ta koma kamar ta ɓera ta amince cewa haka ake yayi yanzu.

Kada a zalunce shi. Can ƙasan ransa ya san iyakarsa. Akwai maɓallai a manhajar nan da bai taɓa dannawa ba, daga nesa yake gaishe su kamar surukai. In shago ya watse ya rage shi kaɗai, yakan dubi takardar shaidar nan ya ce, “Kai dai Allah ya rufa maka asiri, malam.” Matsalar ita ce da zarar wani ya leƙo, bakinsa yakan riga hankalinsa tashi.

To, ranar wata Talata surukinsa ya zo.

Baba, mahaifin uwargidansa, shekararsa tamanin da ɗaya. Shekara talatin da biyar ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, ba a taɓa kama shi da ɓatar da ko ɗaya ba. Mutum ne marar yawan magana tun yana da ƙarfinsa. Yanzu likita ya ga wani ƙari a maƙogwaronsa, ya ce sai an cire, kuma ya faɗa masa ƙarara cewa bayan aikin zai yi wuya muryarsa ta dawo. Za a kwantar da shi ƙarfe huɗu na yammacin ranar. Sai tsohon ya ce yana so a ɗauki muryarsa, ya bar wa 'ya'ya da jikoki abin da zai bari da bakinsa. Mako guda cur ya yi yana tattalin muryar. Ko gaisuwa da hannu yake amsawa.

Yaya, babbar 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ce a ajiye masa waya a gabansa kawai ya yi maganarsa a falo. Labari ya iso kunnen Kunnen Zinariya.

“Waya?” in ji shi. “Yaya, da raina da lafiyata? Muryar Baba a waya, kamar ta mai neman canjin kuɗin mota? Me zan faɗa wa ƙungiya? Wannan aiki ne na tarihi. Jikokin jikoki za su ji har numfashinsa.”

Tun da hantsi ya share shago, ya goge gilashi, ya sa riga mai aljihu huɗu. Ya fito da wata fitila da ya sayo kwanan nan, mai canza launi daga shuɗi zuwa ja zuwa kore, wadda ake jonawa a jikin kwamfuta. Ya duba, ramukan kwamfutar duk a cike. Sai ya zare igiya ɗaya ya soka ta fitilar, da niyyar in ya ga yadda take haska bango zai mayar. Fitilar ta haska bango da kyau ƙwarai. Manhaja ta fito da wani ɗan saƙo a tsakiyar allo. Ya danna amincewa bai karanta ba, kamar yadda ya saba tun kwana na tara na kwas.

Ƙarfe biyu daidai suka iso, Baba a tsakiya, Yaya da uwargida na riƙe da shi. Kunnen Zinariya ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, ya kai shi ɗakin ciki, ya zaunar da shi, ya gyara masa tsayin makirufo sau uku.

“Baba, tazarar ɗani ɗaya tsakaninka da shi. Kada ka taɓa shi. Wannan makirufon yana jin bugun zuciyar ƙuda. Ka yi maganarka a hankali, sauran aikin nawa ne.”

Tsohon ya gyaɗa kai. Aka ja ƙofa. Aka danna jan maɓalli. Ta gilashi suka ga ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya fara yi wa makirufo magana da ladabi, kamar yana gaban mai gidan da ya kawo wa wasiƙa.

A gefen allon kwamfuta akwai wani koren layi mai tsalle, ma'aunin da ke nuna sauti na shiga. Kunnen Zinariya ya nuna wa matan biyu shi da bakin biro.

“Kun ga wannan? Rai ke nan. In ya taɓa ja, an yi ɓarna. In ya kwanta, an yi asara. Riƙe shi a tsakiya shi ne aikin, kuma ba a koyar da shi a makaranta. Baiwa ce.”

Koren layin ya yi ta tsalle yana tabbatar da zancensa. Ya ba su tarihin ranar da ya kashe ƙugin lasifika, ba tare da firji a ciki ba. Ya bayyana musu bambancin sauti mai ɗumi da sauti mai sanyi. Ya faɗi ra'ayinsa game da matasan injiniyoyin yanzu, waɗanda ba su da kunne sai ido.

Uwargida malamar lissafi ce, kuma shekara ashirin da huɗu tana zaune da shi. Ta daɗe tana kallon allon.

“Baban yara,” ta ce, “wai me ya sa koren nan ba ya motsi sai ka buɗe baki?”

Ya yi murmushin da yake yi wa masu koyo. “Jinkiri ke nan. Sauti yana tafiya ne a cikin igiya, sai ya ɗan makara kafin ya iso. Dacewa ce kawai ta sa kike ganin kamar da ni yake tafiya.”

“Yanzu ma da ka ce dacewa ya yi tsalle.”

“Hajiya, in ana ɗaukar sauti ba a son surutu.”

Yaya ta dubi ƙanwarta, ƙanwar ta dubi silin.

Can wajen minti na ashirin da biyar, ya tuna cewa ranar tarihi tana bukatar hoto. Ya miƙa wa Yaya wayarsa. Domin hoton ya yi kyau, ya ɗaga hedifon daga wuya ya ɗora a kunne, karo na farko cikin watanni. Bai ji komai a ciki ba. Ko ɗis. Sai ya ce a ransa, lallai kaya mai tsada daban ne, dubi yadda ya toshe duk wata hayaniya. Ya dafa tebur, ya ɗaga haɓa, ya ƙame kamar gunki, Yaya na neman inda ake dannawa. Daga nan aka kira ta daga asibiti, ta fita waje amsawa, uwargida ta bi ta don jin lambar gado. Ya rage shi kaɗai na 'yan mintuna.

Ƙarfe uku saura minti ashirin Baba ya mayar da hularsa. Da aka buɗe ƙofa, idanunsa sun yi ja. Ya buɗe baki zai ce ya gama, iska kawai ta fito. Muryar mako guda ta ƙare tas, ya zuba ta duka a inda aka ce ya zuba.

“A sa mana mu ji kaɗan kafin mu wuce,” in ji Yaya.

Kunnen Zinariya ya murza yatsu, ya danna. Manyan lasifikoki biyu suka yi shiru kamar an yi musu rasuwa. Ya sake dannawa. Shiru.

“Ƙaramin abu ne,” ya ce, ya kai hannu zai kashe kwamfutar.

Uwargida ta cafke hannun. “Ka adana?”

Bai adana ba. Ya adana, yana cewa da ma gwada ta yake yi. Aka kashe aka kunna. Shiru. Aka shiga mataki na biyu. Ya zare igiyar lasifika ya hura mata iska, ya kira ta jabu, ya kawo wata, ita ma ya kira ta jabu. Gumi ya fara tsattsafo masa ta ƙarƙashin hedifon. Fitila na ta canza masa launin fuska, shuɗi, ja, kore. Ƙarfe uku da minti goma ya shiga mataki na uku.

“Abin da ke faruwa shi ne, manhajar nan ta ƙasar sanyi ce. In ta haɗu da murya mai nauyin tarihi irin ta Baba, sai ta riƙe ta a ciki tana tacewa. A ilimin sauti ana kiran wannan—”

“Injiniya,” in ji Yaya, “wannan wutsiyar ta mene ce?”

Ta ɗago wata gajeriyar igiya da ke kwance a bayan kwamfuta, bakinta bai shiga ko'ina ba. Ɗaya bakin yana jikin akwatin sauti. Akwatin babu ko ɗigon haske a jikinsa. Tun hantsi a mace yake, da shi da makirufon da ke jin bugun zuciyar ƙuda. Saƙon da manhaja ta nuna da safe cewa ya yi ba ta ga akwatin ba, za ta koma ɗauka da ɗan makirufon da ke jikin kwamfutar. Ta tambaya, an amince mata.

Uwargida ta miƙa yatsa ta ƙara ƙarar kwamfutar da kanta. Sai murya ta fito, garau, babu tsagewa, babu ƙugi, mafi kyawun aikin da aka taɓa yi a shagon.

“Kun ga wannan? Rai ke nan.”

Ta ja gaba. “Baiwa ce.” Ta ja gaba. “Hajiya, in ana ɗaukar sauti ba a son surutu.” Ta sake ja, ta faɗa daidai inda suka fita suka bar shi. Muryar ta sauko ƙasa, ta zama ta mutumin da ke zaune shi kaɗai.

“Wannan kuma maɓallin mene ne? Oho. Kada ka taɓa, malam, ba gadonka ba ne. Kunnen Zinariya! Kunnen gwangwani dai. Allah ya jiƙan firjin nan, ya yi mini rana. Kai, tsohon nan bai gaji ba? Mutumin da ba ya magana, yau ya samu wuri.”

Ya so ƙasa ta tsage. Ƙasa ba ta tsage ba, siminti ne mai kyau. Ya zame daga kujera ya durƙusa gaban surukinsa, bakinsa na motsi, kuma a karo na farko a tarihin unguwa babu abin da ya fito.

Baba ya dube shi ya daɗe. Kafaɗunsa suka fara rawa. Yaya ta zabura ta ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce marar sauti. Ya laluba aljihu ya ciro biro da tsohon ambulan, ya yi rubutu a bayansa da kyakkyawan hannun ma'aikacin gidan waya, ya miƙa masa. An rubuta: Saƙo ya isa, amma ba gidan da aka aika shi ba.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta ce, “Taso mu tafi, Baba.” A bakin ƙofa ta juyo. “Minti arba'in, Injiniya. Ka san abin da ka cinye?”

Uwargida ba ta bi su nan take ba. Ta tsaya kan kwamfutar, ta mayar da wani wuri, ta kara kunnenta.

“Yi shiru,” ta ce, ko da yake bai ce komai ba. “Saurara.”

A tsakanin jimlarsa da jimlarsa, inda ya tsaya jan numfashi, akwai wata 'yar murya can nesa, siririya kamar ta sauro. Baba ne. Ta ƙarƙashin ƙofa ya fito, ta wurin numfashin sauti.

Washegari aka yi aikin, aka dace, ƙarin ya fita. Muryar ta tafi tare da shi, sai raɗa. Abin da ya rage na muryar Baba a duniya yana cikin kwamfutar surukinsa, a ƙarƙashin surukinsa.

Da farko ya nemi hanyar sauƙi. Manhajar tana da wurin cire hayaniya. Ya danna. Manhaja ta auna muryoyin biyu, ta yanke hukuncin cewa mai ƙarfin ita ce magana, ta share Baba tas ta bar shi shi kaɗai yana sheƙi. Allah ya so akwai maɓallin komawa baya, kuma uwargida ta san inda yake.

Saboda haka sai da hannu. Kwana shida, daga ta taso makaranta zuwa la'asar, tana zaune kusa da shi da jan biro. Ya sa hedifon a kunne, inda aka yi shi domin ya zauna. Zai saurari kansa, ya yi alama inda ya fara, ya yi alama inda ya tsaya, ya yanke, ya ɗaga ɗan abin da ya rage. Labarin ƙugin lasifika kaɗai sau goma sha ɗaya ya ji shi. A rana ta uku ya cire hedifon ya dube ta.

“Haka nake?”

“Haka kake.”

“Kullum?”

“Yau ma da sauƙi, akwai maɓallin tsayarwa.”

Manhaja ta nemi a sa wa tarin abin da aka yanke suna. Ya rubuta da kansa: Hayaniya. Minti talatin da shida da daƙiƙa hamsin. Abin da ya rage, wato jimlar duk shirun da ya yi a zaman, minti uku ne da daƙiƙa goma.

Ranar da aka sallamo Baba, iyali suka taru a falonsa aka sa. Yawanci guntaye ne. Rabin addu'a. Sunan wata jika. “Ku riƙa leƙa juna ko ba—” sai ya yanke. Wata 'yar dariya. Amma akwai wuri ɗaya mai tsawo, daƙiƙa hamsin da biyu ba yankewa, lokacin da Kunnen Zinariya ya ƙame domin hoto. A nan muryar tsohon ta fito a hankali, da ɗan shuu a bayanta:

“Ana cewa ban taɓa kai wasiƙa gidan da ba nata ba. To, sau ɗaya na yi. Na ga mahaifiyarku a ƙofar gidansu tana shanya, ni kuma ba ni da wasiƙar gidan. Sai na ba ta ta maƙwabta. Da ta biyo ni da ita tana faɗa, na ce kuskure ne. Shekara arba'in da shida muna tare, har ta koma ga Allah, ban faɗa mata da gangan na yi ba.”

Yaya ta rufe fuska da mayafi. Uwargida ta ce a mayar, aka mayar sau huɗu. Baba na zaune da bandeji a wuya yana kallon yatsun ƙafarsa. Kunnen Zinariya yana can bakin ƙofa a rakuɓe, hannu a baki. Waɗanda suka halarta sun tabbatar cewa har aka tashi bai ce uffan ba, kuma sun ƙiyasta zaman da awa ɗaya da rabi.

Mu a unguwa mun ɗauka an yi sabon mutum. Har mun fara shawarar ko a sake masa suna, sai muka ga wahalar goge allo.

Sati biyu ya yi a haka. A na uku aka ji yana gaya wa mai aski cewa gurbin ƙofar nan da gangan ya bar shi, tsohuwar dabara ce ta manyan injiniyoyi, domin ko na'ura ta ci amana sauti ya samu hanyar tsira. Hoton da Yaya ta ɗauka ya wanke shi babba ya rataye kusa da takardar shaida. Dokokin Sauti sun zama takwas.

Jiya da hantsi ya kira taron gaggawa na ƙungiya, ya gabatar wa mai gyaran rediyo da mai hayar lasifika lacca mai taken Muhimmancin Shiru a Ɗakin Ɗaukar Sauti. Ya yi awa biyu da minti goma.